Agogon da aka ce yana ganin mafarkina

Dannau ne ya kai ni sayen agogon hannun nan mai auna barci, ba gayu ba. Shekarata 14 ina aikin jinya, kuma duk wanda ya taɓa yin dutin dare ya san yadda ake dawowa gida da hantsi: ido kamar an watsa barkono, jiki na neman katifa, gari kuwa ya riga ya cika da hayaniya. A bazarar da ta wuce, sau uku cikin mako biyu, na kwanta wajen ƙarfe 9 na safe sai na farka ina jin komai, ina jin ƙarar tukwane a tsakar gida, ina ganin fanka a tsaye don babu wuta, amma ko ɗan yatsa na kasa ɗagawa. Ƙirjina kamar an ɗora mini buhun masara. A karo na uku har na ga kamar mutum tsaye a bakin labule. Da abin ya sake ni na fito ina haki, surukata, wadda ta zo mana kwana biyu, ta dube ni ta ce, "'Yar nan, wa ya ce miki ana kwanciya rigingine da hantsi? Ki riƙa karanta Ayatul Kursiyyu." Na ce, "To Inna, ina karantawa." Ina karantawar kuwa, har gobe. Maganar rigingine da ta yi kuma, daga baya na tarar likitocin barci ma abin da suke faɗa ke nan.

Wata abokiyar aikina ce ta nuna mini nata a ɗakin canza kaya. Ta buɗe wayarta, sai ga daren jiya an zana shi kamar tabarma mai ratsi-ratsi: shuɗi mai duhu barci mai nauyi, shuɗi mai haske barci sama-sama, sai wani ratsi ruwan hoda da aka rubuta REM a kansa. Ta ce wannan shi ne lokacin mafarki. A raina na ce in har akwai abin da zai nuna mini me jikina ke ciki a daidai lokacin da ake danne ni, kuɗinsa bai yi yawa ba. Ranar Asabar na shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Yaron shagon, da ya ga na tsaya a kan agogunan, ya zaro ɗaya ya ce, "Anti, wannan fa har mafarkinki yake gani." Na ce, "To in yana gani ai sai ya fassara mini, in huta da tambayar malamai." Ya ce naira 38,000, muka daidaita a 32,000, ya ɗaura mini, ya haɗa shi da wayata. Ba zan kama sunan kamfanin ba. Irinsu sun cika gilasan shagunan, siririn madauri na roba da ɗan allo kamar ƙwallon dabino, suna daban-daban, aiki kusan ɗaya, kuma abin da zan faɗa a kan nawa ya shafi yawancinsu.

Jikinsa ba laifi. Kwalin ya ce caji ɗaya yana yin mako biyu. A hannuna kwana 9 yake yi in na bar shi yana auna bugun zuciya dare da rana, kuma bai kai awa biyu ya cika ba, wanda a unguwarmu da wuta ke zuwa kamar baƙuwa ba ƙaramin abu ba ne. Ruwa ba ya yi masa komai, sai dai dole in cire shi lokacin alwala don ruwa ya game hannu, kuma sau biyu na manta shi a bakin famfo. A wurin aiki ba ma barin komai a tsintsiyar hannu saboda yawan wanke hannu, don haka a aljihu yake kwana in ina duti. Madaurin ne matsala. A zafin Afrilu gumi yana taruwa a ƙarƙashinsa, cikin mako guda fatar wurin ta yi ja tana ƙaiƙayi, sai da na sayi na yadi na canza. Manhajar Turanci ce zalla, tana kuma da naci: ranar da na dawo daga duti na kwanta, sai ta girgiza mini hannu wai in tashi in motsa jiki, ni da na kwana a tsaye.

Abin da na saye shi dominsa ne ke da dogon zance.

In aka juya bayansa za a ga wata 'yar koriyar fitila tana ƙiftawa. Tana haska fata, jini ya shanye wani ɓangare na hasken, da ragowar da ya dawo ake lissafa bugun zuciya, kusan irin dabarar ɗan abin da muke maƙala wa majiyyaci a yatsa. A cikinsa kuma akwai wani abu mai jin motsi, irin wanda ke juya allon waya in an karkata ta. Shi ke nan kayan aikinsa. Masu binciken barci na gaskiya kuwa wayoyi suke liƙa wa mutum a wuri uku: fatar kai don ɗaukar wutar ƙwaƙwalwa, gefen idanu, da haɓa. Kowane wuri da labarinsa. A Jami'ar Shikago ta Amurka, wani ɗalibi mai suna Eugene Aserinsky, yana aiki a ƙarƙashin malaminsa Nathaniel Kleitman, ya liƙa wa ɗansa ɗan shekara 8 wayoyin wata tsohuwar na'ura, ya zauna gadin takardar da allurar na'urar ke zanawa. Can cikin dare allurar ta fara fizge-fizge kamar yaron ya farka yana kalle-kalle. Ya leƙa, yaro na ta sharar barcinsa. A 1953 suka buga abin da suka gano: a kowane dare akwai lokutan da idon mai barci ke kai-kawo da sauri a ƙarƙashin fatarsa, ƙwaƙwalwa kuma na aiki kamar ta wanda ke farke. REM ɗin da ke kan allon wayata farkon haruffan kalmomi uku ne na Turanci masu nufin saurin motsin ido. Wani ɗalibin Kleitman, William Dement, ya riƙa tashin mutane a tsakiyar wannan yanayi yana tambayarsu, sai kusan 8 cikin kowane tashi 10 ya zo da labarin mafarki.

Sirrin wayar haɓa kuwa kyanwoyi ne suka tona shi. Michel Jouvet, a birnin Liyon na Faransa, ya lura a 1959 cewa in kyanwa ta shiga wannan barci tsokar wuyanta tana saki gaba ɗaya. Daga gindin ƙwaƙwalwa ake aika umarni ta laka a kwantar da tsokokin jiki, a bar na ido da na numfashi. Da ya lalata ɗan wurin da ke aika umarnin, sai kyanwar ta riƙa miƙewa cikin barci tana sanɗa, tana kai cafka ga ɓeran da babu shi. Wato Allah Ya sa wa mai mafarki dabaibayi, don kada ya tashi ya aikata abin da yake gani. Dannau shi ne ka farka dabaibayin bai kwance ba. Hankali ya dawo, jiki yana can baya. Tsokokin haƙarƙari da ke taya numfashi a sake suke, shi ne nauyin ƙirjin. Ragowar mafarkin kuma yana zubowa cikin ɗakin da kake kallo, shi ne mutumin bakin labule. Wani nazari na 2011 da ya tattara bincike sama da 30 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 sun taɓa haɗuwa da shi, a cikin ɗalibai kuwa ya haura ɗaya cikin huɗu. Japanawa suna ce masa kanashibari. Abubuwan da suka fi jawo shi su ne ƙarancin barci, rikicewar lokacin kwanciya, da kwanciyar rigingine. Ni na haɗa duka ukun, ga kuma agogon halitta na cikin jiki mai tsara lokacin barci, wanda ya fi karkata zuwa REM daga asuba zuwa hantsi, daidai lokacin da nake jefa kaina a katifa.

To agogon hannu ba ya jin wutar ƙwaƙwalwa, ba ya ganin ido, ba ya taɓa haɓa. Abin da ya sani shi ne a REM hannu yana kwance shiru amma bugun zuciya yana hawa da sauka ba tsari, a barci mai nauyi kuwa bugun yana lafawa ya daidaita. Daga nan yake kintace. Kamar ka tsaya a bayan katanga kana jin ƙarar turmi ka ce ka san abin da za a dafa. Wata rana ka dace.

Halin aikinmu ne, in na'ura ta ba ka lamba sai ka dubi majiyyacin da idonka. Na sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare na ajiye da biro a ƙarƙashin filo. Duk sanda na farka, kafin in taɓa waya, sai in rubuta lokaci da abin da na gani, ko da kalma uku ce. Dole a hanzarta, don mafarki raɓa ce, kafin ka nemo takalmi ta bushe. Mako 6 na yi ina haka, sannan na zauna na jera littafin da zanen wayar.

A daren da nake gida, lokacin kwanciya da lokacin tashi yana kama su sosai, da wuya ya kauce da fiye da kwata. Ya kuma tona mini asirin da na daɗe ina rufa wa kaina: a makon da babu duti ma awa 5 da rabi nake samu, ni da nake bugun ƙirji cewa 7 nake yi. Wannan kaɗai ya sa ban yi da-na-sanin kuɗina ba. Amma in na kwanta shiru ina sauraron rediyo, sai ya rubuta mini barci sama-sama na minti 40 da ban yi ba. Barcin hantsi bayan duti, wanda shi ne ainihin dalilin sayensa, yakan rubuta shi a matsayin gyangyaɗi, layi ɗaya ba ratsi ko guda. Wata rana ma bai san na kwanta ba. A mako na uku dannau ya sake zuwa. Ina samun kaina na jawo wayar hannuna na rawa, in ga me ya kama. Miƙaƙƙen layi ne, sai ɗan tsallen bugun zuciya zuwa 104 a ƙarshe. Firgitar ya gani, ita kaɗai. Akwai kuma daren da ya ba ni REM minti 6 kacal, alhali na cika shafi guda da wani dogon mafarki na biki a garinmu, har da launin ankon. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, na sani, amma yaron shagon ba rariya ya ce zai sayar mini ba.

Ko da ma agogon zai kama REM daidai wa daida, ƙirga mafarki wani abu ne daban. Tun a 1962 David Foulkes ya nuna cewa in ka sauya tambayar, maimakon ka ce wa wanda ka tasa ko ya yi mafarki, ka tambaye shi abin da ke gilmawa a ransa kafin ka tashe shi, sai ka samu labari da yawa daga sauran matakan barci. Mark Solms, ɗan Afirka ta Kudu, ya bi majiyyata masu rauni a ƙwaƙwalwa, a 1997 ya fito da bayanin wasu da suka daina mafarki kwata-kwata bayan raunin ya taɓa wasu sassa na sama. An auna irin waɗannan majiyyata aka tarar REM ɗinsu na nan lafiya. Ratsin ruwan hodan nan, ko ya zama gaskiya, lokaci ne da mafarki ya fi yawa ya fi armashi, ba ma'aunin mafarkin ba.

Abu guda da zanen ya nuna, littafina kuma ya gaskata, shi ne ratsin ya fi kauri a ƙarshen dare. Barci zagaye yake yi, kowane zagaye kamar minti 90, sau huɗu ko biyar kafin gari ya waye. Zagayen farko barci mai nauyi ne ya cinye shi, REM ɗinsa 'yan mintoci ne. Na ƙarshe kuwa yakan kai rabin awa ko fiye. A jimla baligi yana yin kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na barcinsa a nan, jariri sabon haihuwa kuwa kusan rabi. Na sha tsayawa a kan jariri a ɗakin haihuwa ina kallon idonsa na rawa a ƙarƙashin fata, bakinsa na murmushi. Wata kaka ta taɓa ce mini mala'iku ne ke masa wasa, ban musa mata ba. A littafina, yawancin abin da na rubuta barcin bayan sallar Asuba ne ya kawo shi. In na idar da salla na koma na kishingiɗa kafin lokacin shirya yara, kai tsaye nake faɗawa cikin mafarki, kuma da yake a tsakiyarsa ake tashina, ina fitowa da shi a hannu. Masu cewa su ba sa mafarki, yawancinsu ba a tsakiyarsa suke farkawa ba ne. A dararen zafi da babu wuta kuwa shafukan kusan wayam suke, kuma hakan ya yi daidai da abin da aka sani: zafi yana rage REM, don a cikinsa jiki ba ya iya daidaita ɗuminsa yadda ya saba.

Da na karanta littafin daga farko zuwa ƙarshe sai kunya ta kama ni. Na ɗauka abubuwan al'ajabi zan tarar, irin waɗanda ake nema a 'yan littattafan fassarar mafarki na bakin masallacin Juma'a da ake jinginawa Ibn Sirin. Ashe asibiti ne. Ina neman jijiya a hannun yaro ta ƙi samuwa. Ina tura keken magani a wata baranda da ba ta ƙarewa. Ledar ƙarin ruwa ta ƙare, ina ganinta, ƙafata ta ƙi kai ni gadon. Sau huɗu ina zauren jarrabawar makarantar jinya biro ya ƙi rubutu, shekara 14 bayan na ci jarrabawar. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira ya kasa mafarki uku: na bushara daga Allah, na baƙantawa daga Shaiɗan, da wanda mutum ke zantawa da ransa. Littafina kusan duk na ukun ne, zancen zuci, kuma a kansa ne masu bincike suka fi samun abin faɗa.

A shekarar 2000 Robert Stickgold na Jami'ar Harvard ta Amurka ya sa mutane buga wasan Tetris, wasan nan na jera tubala masu faɗowa, na awoyi, sannan ya riƙa tashinsu a farkon barci. Tubalan suke gani suna zubowa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne a cikinsu akwai masu lalurar mantuwa, waɗanda ba su tuna sun buga wasan ba, ba su ma gane wanda ya koya musu ba, amma wasunsu sun ba da labarin wasu siffofi na faɗowa. A jami'ar MIT ta Amurka kuma, a 2001, Kenway Louie da Matthew Wilson sun sa wa ɓeraye wayoyi a hifokamfus, sashen da ke ɗaukar sabon abin tunawa da taswirar wuri, suka ga tsarin da jijiyoyin suka bi lokacin da ɓeran ke gudu a kan hanya da rana ya sake maimaita kansa cikin REM. Ɓera da hanyarsa, ni da barandata. Ƙwaƙwalwa tana tilawar abin da ta wuni a kai, tana tankaɗe, tana haɗa sabo da tsoho. Shi ya sa majiyyacin jiya zai bayyana a tsakar gidan kakata da aka rushe tun ina aji uku.

Me ya sa kuma ba na mamaki in ina ciki? Hotunan ƙwaƙwalwa da aka ɗauka a shekarun 1990 sun nuna cewa a REM amigdala, cibiyar tsoro da motsin rai, tana aiki sosai, sassan da ke sarrafa gani ma haka, amma wani yanki na goshin ƙwaƙwalwa, mai tsara tunani da cewa kai wannan ba zai yiwu ba, yana yin sanyi. Gida ne da yara suka samu babba ya fita. Allan Hobson da Robert McCarley, a 1977, suka ce mafarki ba komai ba ne illa ƙoƙarin saman ƙwaƙwalwa na ɗinka labari daga tartsatsin da gindinta ke harbowa. Maganarsu martani ce ga Sigmund Freud, likitan Ostiriya da ya ce mafarki buri ne ɓoyayye da ya yi shigar burtu. Ni dai ban san burin da ke cikin neman jijiyar yaro ba. Amma ita ma maganar tartsatsi zalla ba ta gamsar da ni, don tartsatsi ba zai riƙa faɗawa wuri ɗaya kullum ba, kuma nawa kullum inda nake tsoro yake faɗawa. Wanda ya fi kama da littafina shi ne Antti Revonsuo na ƙasar Finlan, wanda a 2000 ya ce mafarki atisaye ne na haɗari: ana korarka, kana faɗowa, ka makara, ka rasa ɗa a kasuwa, duk a wurin da kuskure ba ya kisa. Kakanninmu kura suke gudu a mafarki, ni ledar ruwa nake bi.

Akwai shafi ɗaya da ba na asibiti ba. Baba ya rasu shekara biyu ke nan, a hannuna, kuma duk mafarkin da na yi da shi a baya a kan gadon jinya nake ganinsa, in farka matashi ya jiƙe. A mako na biyar na gan shi zaune a kan buzunsa a zaure, da farar rigarsa ta Juma'a, ya ce, "Uwata, shayin nan naki ba sukari." Sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana. Na tafi ɗauko sukarin aka kira salla. Na farka ina murmushi, karon farko. Rosalind Cartwright, wadda ta yi shekaru a Shikago tana bin mafarkin mutanen da aurensu ya mutu, ta lura cewa a cikin waɗanda baƙin ciki ya danne, masu ganin tsohon abokin zaman a mafarki tun da wuri sun fi samun sauƙi bayan shekara. An kuma san cewa sinadarin noradrenalin, wanda ke tashi in mutum ya firgita, yana sauka ƙasa sosai a ƙwaƙwalwa lokacin REM. Daga nan wasu masana suka ce watakila a nan ne ake sake taɓa abu mai ciwo ba tare da zafinsa na farko ba, kamar wankin gyambo a hankali, yau kaɗan gobe kaɗan. Da na ba Inna labari a waya ta ce, "Alhamdulillahi, yana cikin rahama. Ki yi masa sadaka." Na soya waina ranar Juma'a na aika masallaci. Agogon kuwa, a wannan daren, maki 61 ya ba ni cikin 100, ya rubuta cewa barcina bai yi kyau ba, in rage shan shayi.

Makin nan shi ne abin da na fi tsana a jikinsa. Ban ankara ba na wayi gari ina duba shi kafin in yi addu'ar tashi daga barci. In ya ce 80 sai in ji garau, in ya ce 55 sai in wuni ina hamma, ko da na tashi lafiya lau. Har na fara kwanciya da fargabar me zai ba ni gobe, wanda shi kansa yana kore barci. Maigidana ne ya gaji ya ce, "Maman Ummi, wai ke yanzu sai waya ta gaya miki ko kin yi barci?" Na yi shiru don ba ni da amsa. Ba ni kaɗai ba ce: a 2017 wasu likitocin barci a Amurka sun rubuta labarin majiyyata da neman cikakken maki a irin waɗannan na'urori ya ƙara lalata musu barci, har da wadda ta fi yarda da agogonta a kan sakamakon gwajin asibiti. Na shiga manhajar na ɓoye makin, kuma sai da na sha wuya kafin na gano inda ake ɓoyewa.

Dannau ya ragu, sau ɗaya ya zo tun bayan wancan, amma ba agogon ne ya kore shi ba. Na daina shan kofi bayan ƙarfe 2 na dare in ina duti, don rabinsa yana nan a jini bayan awa 5. Na sa labule mai kauri. Ina tokare bayana da filo in kwanta a gefen dama, yadda Inna da sunna suka ce. In ya zo kuma, na daina kokawa da shi. Ina mai da hankali kan numfashi da motsa yatsa ɗaya har ya sake. Abin da agogon ya yi shi ne ya nuna mini lambar nan ta awa 5 da rabi, ta sa na daina zaman waya bayan isha'i.

Wanda yake son sanin awa nawa yake barci da gaske, ko mai son abin da zai tashe shi asuba da girgiza hannu ba tare da ƙararrawa ta tashi jariri ba, ya saya, zai ji daɗinsa. Wannan girgizar ma ita ce dalilin da ya sa har yanzu yake hannuna. Mai aikin dare ya san cewa barcinsa na rana ba a lissafa da shi sosai ba wajen ƙera abin. Wanda kuwa aka ce yana naushi ko shuri ko tsalle daga gado cikin mafarki, musamman namijin da ya haura 50, kada ya tsaya wa agogo, ya ga likitan jijiya: wannan dabaibayin ne ya kwance, lalura ce da Carlos Schenck da Mark Mahowald suka bayyana a 1986, kuma takan riga cutar Parkinson, mai sa karkarwar jiki, zuwa da shekaru. Haka mai minshari da numfashinsa ke yankewa cikin dare.

Watan jiya na koma shagon sayen cajar waya. Yaron ya gane agogon a hannuna ya ce, "Anti, ya mafarkin?" Na ce masa littafin naira 300 ya fi shi gani. Ya yi dariya ya ce wani sabo ya shigo, na 65,000, shi wannan ba ya kuskure. Na karɓa na juya bayansa. Koriyar fitilar nan ce dai take ƙiftawa.